Rigar Manya

A gundumarmu, idan aka ce mutum yana buga wa gunduma hurling, wasan nan namu na Ireland da ake yi da sanda da 'yar ƙaramar ƙwallo, tambayar da ke biyo baya ɗaya ce: manya ko 'yan tsakiya? In ka ce manya, a jawo maka kujera. In ka ce 'yan tsakiya, sai a ce, "To, madalla," a koma maganar ruwan sama. Fintan Hehir ya sha wannan "to, madalla" har ta gundure shi. Ya haura talatin, ya fi shekara goma yana cikin 'yan tsakiya, kuma a hannunsa na hagu babu yatsan da sanda ba ta taɓa karyawa ba.

'Yan tsakiya su ne ragowar: waɗanda manya suka duba suka ce ba su kai ba, da yaran da ke jiran a kira su sama, da irin su Fintan da aka manta da su a nan. Rigar iri ɗaya ce da ta manya, launi ɗaya, tambari ɗaya. Bambancin shi ne su ake sakawa su buga da tsakar rana kafin babban wasa, lokacin da jama'a ke can bakin motoci suna shan shayi da burodi a bayan but. Ka ci maki mai kyau, ka ɗaga kai, sai ka ga rumfar 'yan kallo fayau, daga masu sayar da alawa sai wasu tsofaffi da suka zo kama wurin zama.

Mahaifin Fintan, tsoho Jer Hehir, ya buga wa manya a zamaninsa. Hotonsa na nan rataye a mashayar ƙauyensu Kilbrack, matashi, gashi a kwance, sanda a kan gwiwa. Jer ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Mutum ne da magana ke yi wa wuya, sai dai in da shanunsa ne. Bai taɓa ce wa ɗansa ya gaza ba. Amma wasan 'yan tsakiya "share fage" yake kiran sa, kuma in wani ya tare shi bayan coci ya ce Fintan ya yi bajinta jiya, sai ya gyara hularsa ya ce, "Yana ƙoƙari." Shi ke nan fa. Su biyu ke riƙe da gonar, suna tatsar shanu safe da yamma kafaɗa da kafaɗa, kuma a iya yin mako guda maganarsu ba ta wuce ta ciyawa da farashin abincin dabbobi ba.

A farkon shekarar da nake ba ku labari, Mossie Kinnane ya tara su a wani filin aro da ruwa ya kwanta a rabinsa, don filin kirki na manya ne. Mossie mahauci ne, shi ke horar da 'yan tsakiya, bakinsa kuwa ba a cewa komai. Ya tsaya cikin taɓo har idon sawu ya faɗa musu gaskiya ba kwana-kwana. Gundumomi da dama a faɗin Ireland sun riga sun janye daga wannan gasa, kuma kwamitin tamu gundumar ma yana ƙus-ƙus ɗin rufe ƙungiyar in an gama wannan kaka. Saboda haka in akwai mai sha'awar ɗaga kofin ƙasa da rigar gundumarsa, bana ce, babu baɗi.

Daga nan ya juya ya jefa wa Fintan ƙwallo.

"Kai ne kyaftin, tsohon banza. Gudu dai na san ba ka da shi, kakata ma ta fi ka. Amma duk bugun tazarar da aka ba mu naka ne. In ka ɓarar, in yanka ka in rataye a shago."

Aka yi dariya. Fintan bai yi ba. Ya sa ƙwallon a aljihu. Bai taɓa zama kyaftin na komai ba.

Mossie bai yi ƙarya ba game da gudun. Gwiwar Fintan ta dama ta daɗe da lalacewa, in ya sauko daga tarakta sai ya tsaya ta saki tukuna. Matarsa Nuala ta riga ta gaya masa wannan ce shekarar ƙarshe, ba za ta zauna tana kallo ya zama gurgu kafin 'yarsu ta shiga makaranta ba, shi ma ya amince. Amma bugun tazara wani abu ne daban. A bayan garken shanu yana da dogayen sanduna biyu da ya kafa tun yana saurayi, irin na fili waɗanda in ƙwallo ta bi ta tsakaninsu an ci maki, kuma duk yamma in an gama tatsa sai ya je can da bokitin ƙwallaye. Ya tsinki ciyawa ya watsa sama ya ga inda iska ta nufa, ya goge tafinsa a wando, ya ɗaga ƙwallon da bakin sanda, ya make. Haka yake yi ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Shanun ma sun saba, ba sa ɗaga kai.

Sanyin shekarar ya ba su wuya. Suka yi ta gudu a taɓo, wasu yara suka gudu suka bar ƙungiyar, wani ya tafi ƙasar waje neman aiki. Abincin bayan atisaye miya ce a kofin roba, alhali manya na can otal suna cin nama da dankali. Podge Lanigan, mai tsaron raga, abokin Fintan tun suna 'yan makaranta, shi ke riƙe da su da barkwanci. Yakan ɗaga kofin miyar ya ce a gode wa kwamiti, don ko alade ba ya samun irin wannan gata.

Da gasar ta kama, sai abin ya ba kowa mamaki. Wasan farko suka ci cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, fiye da rabin makin daga sandar Fintan. Suka ci kofin lardi da ƙyar, bayan Podge ya tare wata ƙwallo da ƙirjinsa har sai da ya yi aman jini a ɗakin sauya kaya. Suka je wasan kusa da na ƙarshe, suka lallasa mutanen da kowa ya ce su za su ɗauki kofin. Sai ga 'yan share fage a wasan ƙarshe na ƙasa baki ɗaya, wanda za a yi cikin watan Agusta. A Kilbrack aka fara ɗaura tutoci a jikin turakun lantarki. Mai shagon burodi ya rubuta sunan Fintan da fenti a jikin wata tsohuwar mota ya ajiye a mararraba. Jer ya wuce ta wajen motar a tarakta, ya dube ta, ya ci gaba da tafiyarsa.

Su kuwa manya, bana ba tasu ba ce. An riga an fitar da su daga gasar lardi, saura dama ɗaya ta rage musu, kuma rauni ya kwantar da 'yan gabansu da yawa. Ana saura 'yan makonni wasan ƙarshe na 'yan tsakiya, Fintan yana wanke garke, wayarsa ta yi ƙara. Cathal Brosnan ne, mai horar da manya. Ya ce yana neman wanda zai cika benci ranar Lahadi, mai hankali, wanda ya san bugun tazara, ko da za a buƙata.

To, akwai doka, kuma babu yaron da ya taɓa riƙe sanda a nan da bai san ta ba. Duk wanda ya taka fili a gasar manya, ko da na ƙiftawar ido ne, ya zama babba a wannan shekarar, ba zai sake buga wa 'yan tsakiya ba. Zama a benci ba komai. Sa rigar ba komai. Tsallaka farin layin nan ne kawai matsala.

Mossie da ya ji, sai ya rufe shago ya tafi wurin Brosnan da kansa, da jinin nama a gaban rigarsa. Brosnan ya yi masa alkawari cewa Fintan ado ne kawai, ba zai sa shi ba sai in sama za ta faɗo. Duk da haka Mossie bai natsu ba. Ya biyo ta gona ya sami Fintan a bakin ƙofa.

"Je ka zauna, ka ci namansu, ka karɓi jakar da rigar," in ji shi. "Amma in ka ga mutumin nan ya waiwayo, ka sunkuya kana ɗaure takalmi. Ka ce cikinka ya murɗa. Ka ce duk abin da ka ga dama. Akwai mutum ashirin da wani abu da suka sha taɓo tare da kai tun watan Janairu."

Fintan ya ce haba, ai shi ba yaro ba ne. Kuma har zuciyarsa yake nufi.

Da yamma, suna tsakiyar tatsa, ya gaya wa mahaifinsa. Jer ya tsaya cak, robar tatsa a hannu tana zuƙar iska. Fintan bai taɓa ganin wani labari ya tsayar da hannun tsohon daga aiki ba, ko ranar da aka ce Nuala ta haihu sai da ya ƙarasa saniyar da ke gabansa.

"Lamba nawa suka ba ka?" ya tambaya.

Fintan ya faɗa masa, lamba ce can ƙarshen benci. Jer ya jinjina kai ya koma aiki. Amma washegari Fintan ya ji shi a bakin shinge yana gaya wa maƙwabcinsu Dinny cewa an kira yaron sama. "Yaron", ga mutumin da furfura ta fara fito masa. Ranar Asabar kuma ya ga tsohon ya fito da kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza da hularsa mai ruwan ƙasa ya rataye a bayan ƙofa. Wannan abu ya shiga jikin Fintan fiye da yadda ya sani.

Lahadi ta zo da rana mai kyau, filin ya cika maƙil. Fintan ya fito daga ƙarƙashin rumfa tare da manya, ihun jama'a ya doki ƙirjinsa, ya ce a ransa ashe haka abin yake. Shekara goma da wani abu yana buga wasa a wannan fili bai taɓa jin ƙarar nan ba.

Daga nan kuma sai wulaƙanci. Abokan karawa suka hau kan manyanmu babu tausayi. Kafin hutun rabin lokaci an zura musu biyu a raga, bayan an dawo aka ƙara ta uku, maki kuwa aka daina ƙirgawa. Jama'a suka fara zamewa, kamar yadda suka saba in wasa ya lalace: masu tsoron cunkoson motoci, masu yara, manoma masu tatsar yamma. Rumfar ta yi ta raguwa layi bayan layi. Brosnan yana tsaye bakin layi hannu a aljihu, ya san aikinsa ya ƙare daga yau.

Ban san abin da ya shiga kan mutumin nan ba. Wasu sun ce mugunta ce, ni ban yarda ba. Ina ganin mutum ne da komai ya rushe masa, yana neman alheri ɗaya da zai yi kafin ya tafi. Saura kaɗan a tashi ya juyo, idonsa ya bi benci har ƙarshe.

"Fintan. Shekara nawa kana jiran wannan? Tashi ka shiga."

Wani daga cikin mataimakansa ya kama hannunsa ya raɗa masa maganar wasan ƙarshe. Brosnan ya ce Fintan ba yaro ba ne, ya san doka. Ya sake duban Fintan ya ce, "Kana so ko ba ka so? Ba za a sake tambayar ka ba."

Ga takalmin nan a ƙafarsa, igiya ɗaya ma ta kwance da gaske. Abin da ya rage ya sunkuya kawai. Amma maimakon ya duba ƙasa, sai ya ɗaga kai ya duba rumfa, wajen da mutanen Kilbrack suka saba zama. A can cikin kujerun da suka fara zama wayam ya hango baƙar kwat da hula mai ruwan ƙasa, mutum a zaune shi kaɗai, bai motsa ba. Fintan ya tuna Mossie, ya tuna Podge da aman jininsa, bai manta da kowa ba, kada wani ya ce mantuwa ce. Yana sane ya ɗauki hular kwanonsa ya miƙe.

Lasifika ta faɗi sunansa ga bayan mutanen da ke fita. Ya tsallaka layin. Ya ruga wurin da aka sa shi, gwiwar tana ƙara. Sau ɗaya ƙwallo ta nufo inda yake, ya miƙa sanda, wani yaro mai faɗin ƙofa ya banka masa kafaɗa ya zube a ciyawa. Kafin ya gama tashi alƙalin wasa ya busa tashi. Ko taɓa ƙwallon bai yi ba.

Mossie yana tsaye a bakin hanyar shiga ɗakin sauya kaya. Fintan ya shirya wa zagi, har yana fata a zage shi. Mossie ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce, "Ta yi maka kyau, rigar." Ya juya ya tafi, tafiyar tsoho.

Kwamitin gunduma ya yi zama, aka nemi kafa ta ko'ina, babu. In aka sa shi a wasan ƙarshe, ko an ci, ɗaya ɓangaren za su kai ƙara a ƙwace kofin. Aka ba Podge kyaftin. Bugun tazara kuma aka ɗora wa Cillian Roe, ɗan shekara ashirin, mai hannu mai kyau amma bai taɓa ɗaukar irin wannan kaya ba. Wani ya bi ta mararraba ya shafe sunan Fintan daga jikin tsohuwar motar da baƙin fenti, bai ma shafe da kyau ba, ana iya karantawa.

Fintan bai daina zuwa atisaye ba, kuma wannan ya fi komai wuya. Ba wanda ya zage shi. In ya shiga ɗaki hira ta mutu, in ya fita ta tashi. Podge, da suka yi satar tuffa tare suna yara, yakan ce masa "sannu" kamar yadda ake ce wa mai karɓar haraji. Shi dai ya riƙa kwashe ƙwallaye, in an tashi ya tsaya da Cillian yana nuna masa yadda ake karanta iska, da yadda ake sauke numfashi kafin a ɗaga ƙwallo. Yaron yana ji, yana kuma yi daidai, muddin babu mai kallo.

Nuala ba ta yi masa faɗa ba sai sau ɗaya. Tana feraye dankali, ba ta ko dube shi ba, ta tambaye shi don wa ya yi. Ya ce tsohon yana wurin, yana zaune yana kallo. Ta ajiye wuƙar ta ce ita ma tana wurin, kuma ta kasance a wurin duk ranakun share fage da babu kowa, da ciki da goyo, amma ba a taɓa tashi dominta ba. Ya fita ya tafi garke.

Jer kuwa bai tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Sai dai ya canza. Ya riƙa karɓe ayyuka masu wuya yana bar wa Fintan masu sauƙi, in sun zauna shan shayi ya tura masa burodin da ya fi girma. Fintan ya ɗauki wannan a matsayin abin da tsohon ba ya iya faɗa da baki. Da shi ya riƙa lallashin kansa a makonnin nan: ko ba komai, mahaifinsa ya gan shi cikin rigar manya, a fili, a gasar manya.

An yi wasan ƙarshe a wani gari mai nisa, tsakanin gundumomin biyu. Wannan karon ba share fage ba ne, nasu ne su kaɗai, kuma mutanenmu sun je da yawa fiye da yadda aka zata. Jer bai je ba, ya ce zai tsaya da shanu. Fintan ya tsaya bakin layi da 'yar rigar masu hidima a kan kayansa na gida, rungume da sandunan canji, wanda sandarsa ta karye ya ruga ya miƙa masa wata.

Yaranmu sun buga wasa, wallahi sun buga. Podge ya tare biyu da kowa ya riga ya ƙirga. Amma ɗaya ɓangaren sun yi nazari, sun san wanda babu. Duk lokacin da ɗan gabanmu ya kama hanyar raga sai su ja rigarsa ko su sa masa sanda, su ba da bugun tazara da gangan. Da Fintan ne a fili da ba su kuskura ba. Cillian ya ci na farko da na biyu, ya ɓarar da na uku. Ya ci wasu, ya ɓarar da wasu, jama'a na nishi a bayansa duk lokacin da ƙwallo ta bi gefe.

Ana gab da tashi, maki ɗaya ne tsakani, mu ne a baya. Aka ba mu bugun tazara daga hagu, ba kusa ba, ba kuma nesa can ba. Fintan ya san wurin. Daidai irin wurin da yake tsayawa ne kusa da kwamin ruwan shanu a bayan garke. Bai san lokacin da ya saki sandunan ya tsinki ciyawa ya watsa ba. Iska na karkata zuwa dama, kaɗan, amma a sama ta fi ƙarfi. Ya buɗe baki zai faɗa wa yaron, ihun jama'a ya haɗiye muryarsa.

Cillian ya ɗaga, ya make. Ƙwallon ta tashi da kyau, ta nufi tsakiyar sandunan, mutanenmu har sun fara miƙewa. Sai iska ta ɗauke ta a hankali ta fitar da ita ta gefen dama. Aka busa tashi.

Yaron ya durƙusa ya kifa kansa a ciyawa. Fintan ya nufe shi, amma Podge ya riga shi, ya ɗaga Cillian ya rungume, ya dubi Fintan ta saman kafaɗar yaron.

"Bar shi," ya ce. "Ba kayansa ba ne ya ɗauka."

A babbar motar da ta dawo da su, Fintan ya zauna kujerar gaba kusa da direba, babu wanda ya zauna gefensa. Kafin shekara ta ƙare kwamiti ya rufe ƙungiyar kamar yadda Mossie ya faɗa, amma wannan daga baya ne.

Washegarin wasan da sassafe ya shiga garke ya tarar tsohon ya riga ya koro layin farko na shanu. Inji na ta bugawa, madara na bin bututu. Suka yi ta aiki har aka kusa rabi. Jer ne ya fara magana, ya ce ya saurara a rediyo, yaron nan Roe ya yi ƙoƙari.

"Da ni ne da ta shiga," in ji Fintan. Bai yi niyyar faɗa ba, fitowa ta yi.

"Da ta shiga," Jer ya ce. "Daga can ba ka ɓararwa. Ina ganin ka daga tagar kicin."

A duk rayuwarsa Fintan bai taɓa jin magana irin wannan daga bakin mahaifinsa ba. Idonsa ya cika, ya sunkuya ƙarƙashin saniya don kada a gani. Daga nan ƙasan ya yi ta maza ya faɗi abin da ya daɗe yana riƙe da shi.

"Amma dai ka gan ni cikin rigar, Baba."

Tsohon ya dakata da aikin. Fintan ya ɗago. Jer yana tsaye da tsumman goge hantsa a hannu, yana kallon ƙasa.

"Ban gani ba," ya ce. "Da suka zura ta uku na tashi. Kana can, babu mai tatsa. A mota na ji sunanka, ina bakin gari. Na tsaya gefen titi in juya, kafin in sami hanya an busa."

Fintan ya tuna baƙar kwat ɗin nan da hular mai ruwan ƙasa. Rabin tsofaffin gundumar nan irin kayan da suke sawa ke nan in za su wurin taro. Wani tsoho ne, mahaifin wani, ko wanda ƙafarsa ke ciwo yana jiran cunkoso ya ragu.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Ta yaya zan faɗa maka?" Jer ya murɗe tsumman, ya sake murɗewa, babu ruwan da ya rage a ciki. "Duk shekarun da na yi da manya, ban taɓa riƙe kofi ba. Ko ɗaya. Tun ranar da kuka ci na lardi na roƙi Dinny ya tatse mini shanun jiya, safe da yamma, in je in zauna har ƙarshe in ga ka ɗaga shi. Daga baya na ce masa ya bari."

Saniyar da ke gaban Fintan ta gama, robobin suka fara zuƙar iska, ta ɗaga ƙafa tana neman shura. Ya cire mata su, ya shafa bayanta. Jer ya je ya buɗe ƙofa ya kora layi na gaba.